Tambaya da Amsa: Cikin Garuruwanmu Shida, Wanne Ambaliya Za Ta Fi Yi wa Illa?

TAMBAYA

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗeja, a ƙasar Auyo, kuma ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban yankinmu, wadda ta haɗa garuruwa shida. Ruwa ya ci mu a 2020, ya sake cin mu a 2022, cin da dattawanmu suka ce tun tasowarsu ba su ga irinsa ba. Duk sanda abin ya faru sai wasu su zo da takardu su ƙirga ɗakunan da suka rushe, su kama gabansu. Da kayan tallafi suka iso, garin da ke bakin kwalta ne ya fi samu, alhali akwai garin da sai da kwale-kwale ake shigarsa, mutanensa sun yi makonni a kan tudu su da dabbobinsu. Yanzu an ce mu kawo sunayen garuruwanmu a jere, daga wanda ya fi zama cikin haɗari zuwa mai dama-dama, don a san inda za a fara aiki kafin damina. Mun yi ta zama, magana ta ƙi ƙarewa, kowane bulama yana cewa garinsa ne a gaba. Wasu sun ce a duba kusanci da kogi, wasu sun ce a duba yawan gidajen da suka faɗi. Ta yaya ake auna wannan abu bisa adalci? Ko sai an kawo na'ura da masana daga Abuja? Akwai kuma masu cewa maganin abin kawai a tashi garuruwan a mayar da su tudu. Mene ne ra'ayinka?

Naka, malamin makaranta daga ƙasar Auyo, Jihar Jigawa.

AMSA

Allah ya saka da alheri bisa wannan ɗawainiya, ya kiyaye gaba. Bari in fara da abin da ƙila ba zai yi wa bulamanku daɗi ba: jeri ɗaya da aka ce ku kawo ba zai isa ba, ko da kun yi shi tsakani da Allah. Jeri biyu kuke buƙata. Na farko ya amsa wannan tambaya: in ruwa ya zo cikin dare, a wane gari aka fi tsoron rasa rai? Na biyu kuma: bayan ruwa ya janye, wane gari ne zai kasa miƙewa? Ba lallai garin da ya zo na ɗaya a nan ya zo na ɗaya a can ba. Kwale-kwale da rigunan ruwa da gyaran hanya jeri na farko suke bi. Iri da abinci da sassaucin bashi na biyu suke bi. In aka cakuɗa su, sai a kai buhun masara inda jirgi ake nema.

Masu nazarin bala'i abu uku suke dubawa: ruwan kansa, wato zurfinsa da ƙarfinsa da daɗewarsa, abin da ke kan hanyarsa na mutane da dukiya, sai kuma ƙarfin mutanen na jurewa da farfaɗowa. Kusanci da kogi ɗan yanki ne kawai na abu na farko. Ƙirga ɗakunan da suka rushe kuwa ɗan yanki ne na na biyu, kuma a ganina shi ne ma'auni mafi rauni, don mai ɗaki goma da biyar suka faɗi zai fi bazawara mai ɗaki ɗaya yawan lamba a takarda, alhali shi yana da inda zai kwana, ita ba ta da.

Kafin a auna komai sai an san halin kogin da kuke zaune a bakinsa, don ba kogin da kakanninku suka sani ba ne. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim ya iso gare ku, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda yake cuɗanya da ruwan kogin Jama'are kafin su nufi Gashuwa da Tafkin Chadi. A da, kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, sai ya zama ana sakin ruwa har da rani saboda noman rani da ruwan shan Kano. Hanyoyin ruwan da a da rana ke ƙona su suka daina bushewa, ciyawar kachala ta samu wurin zama. Ita kuwa kachala in ta cika hanya sai ta rage wa ruwa gudu, yashi da laka su kwanta, ƙasan kogi ya ɗago, ruwa ya nemi wata hanyar. Haka aka wayi gari hanyar ruwa ta Marma, mai zuwa Nguru, tana ɗaukar ruwan da ya fi ƙarfinta yana kwanciya a gonakin mutane, wasu tsofaffin hanyoyin kuma sun toshe. Abin da wannan ke nufi gare ku shi ne, gari mai nisan kilomita uku da kogi, in yana cikin tsohuwar hanyar ruwa, yana iya fin wanda ke kan gaɓa mai tsayi shiga haɗari. Kuma in dattijo ya ce "tun muna yara ruwa bai taɓa zuwa nan ba", gaskiya ya faɗa, sai dai shaidarsa ta zamanin wani kogin ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, babu musu, amma ku fi ba shekaru talatin na baya-bayan nan nauyi.

Ku kuma raba ruwa da ruwa. Akwai na marka, wanda sama ke zubarwa a kanku cikin Agusta, ya cika kududdufai ya jiƙa gine-gine. Akwai na kogi, wanda yakan iso daga baya, sau da yawa cikin Satumba, wani lokacin ma rana na haskawa ƙwal, don ruwan da aka yi a Kano ne yake tafiyarsa. Wannan yana ba da kwanaki na shiri ga wanda ke da labari. Sai na uku, mai zuwa farat ɗaya, irin wanda ya auka wa Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ko Mokwa a ƙarshen Mayun 2025. A yankinku ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, don haka irin wannan ba ya zuwa sai ta hanya ɗaya: jinga ta fashe. Zan dawo kan jinga.

To, yaya ake auna ruwan? Ba sai da na'ura daga Abuja ba. Ruwan 2022 ya bar sa hannunsa a jikin bangon masallaci da ajin makaranta da gindin manyan itatuwa, inda kuma alamar ta goge, mutane sun san inda ya kawo musu: gwiwa, ƙugu, ƙirji. A kowane gari ku nemi alama biyu ko uku da mutane da dama suka yarda da su, ku ja layi da jan fenti, ku rubuta shekara. Sannan ku ari tiyo mai haske irin wanda magina ke daidaita gini da shi, mai tsawon mita 20 ko 30. A cika shi da ruwa, a kaɗa shi har iskar ciki ta fita. Mutum ɗaya ya tsaya a jikin bango yana ɗaga bakin tiyon yana saukewa har ruwan ciki ya yi daidai da jan layin; ɗayan ya ja ɗaya bakin zuwa ƙofar gida ko bakin rijiya. Duk inda ruwan ya tsaya a nasa ɓangaren, to tsayinsu ɗaya da layin. Ya yi alama a nan, a matsa gaba. Da haka za ku bi gari lungu-lungu ku san ko daɓen asibiti, da bakin rijiya, da gindin rumbuna, da maƙabarta, da filin da ake cewa za a gudu can suna sama da layin ko ƙasa, kuma da santimita nawa. Kada dai ku ɗauki alamar wani gari ku kai wani, don fuskar ruwan kogi gangare take yi. Kowane gari da tasa.

In kun gama, ku ƙara rabin mita a kan layin ku sake dubawa. Gidajen da suka faɗa cikin wannan rabin mitar su suka fi ba ni tsoro, don masu su sun ga ruwa ya tsaya a ƙofarsu bai shiga ba, sun sakankance cewa sun fi ƙarfinsa. Su ne ba sa tashi in an ce a tashi.

Zurfi kaɗai ba ya ba da labari duka. A kowane wuri ku tambaya: kwana nawa ruwan ya yi? A kwance yake ko da gudu? Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Mai santimita 60 yana tafiya da mota. Ruwan da ke kwance kuma ba ya kayar da mutum, amma in ya yi mako uku ya gama da gona da bango. Sai yawan zuwansa. A nan akwai wani lissafi da ke ruɗa mutane. In masana suka ce irin wannan ruwa "sau ɗaya a shekara goma" yake zuwa, ba suna nufin in ya zo bana an huta sai bayan shekara tara ba. Nufinsu kowace damina akwai yiwuwar kashi 10 cikin 100, kuma a tsawon shekara goma yiwuwar ya zo aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 65 cikin 100. Yana iya zuwa a jere. Ku da kuka ga 2020 da 2022 ba sai an yi muku dogon bayani ba.

Hoton tauraron ɗan'adam yana da amfaninsa, ban raina shi ba. Akwai tauraron Turai mai suna Sentinel-1 da ke aiki tun 2014, wanda ke gani ta cikin gajimare, kuma hotunansa kyauta ne. Ɗalibin ilimin ƙasa a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa zai iya fitar muku da taswirar inda ruwa ya kwanta a 2020 da 2022, kuma irin wannan takarda tana da kwarjini a ofis. Sai dai ba ya ganin ruwan da ke ƙarƙashin kachala ko tsakanin gidaje sosai, kuma taswirar tudu da kwari da ake samu kyauta tana iya kuskuren mita ɗaya ko fiye. A ƙasar da taku ɗaya na tsayi ke raba ɗakin da ya tsira da wanda ya faɗi, tiyon magini ya fi ta gaskiya. Haka ma hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara kafin damina, da hasashen yanayi na NiMet: ku neme su, ku saurara, amma za su gaya muku ƙaramar hukumarku na cikin haɗari ne, abin da kuka riga kuka sani. Wace unguwa, wane gida, wannan aikinku ne.

Yanzu jeri na farko, na rai. Rahotannin mace-macen ambaliya a Jigawa, inda a 2022 kaɗai aka rasa mutum sama da 100, sun sha nuna abu biyu: ɗaki ya rufta kan masu barci, ko kwale-kwale ya kife. Ginin ƙasa ba ya jiran ruwa ya kai taga. Ya isa ruwa ya kwanta a gindinsa kwana biyu ko uku. Za ka ga danshi yana hawa bango, launinsa ya yi duhu, yaɓe ya fara ɓarewa, in ka danna da yatsa ya lotsa. Saman bangon a bushe yake, mai gida yana ganin lafiya lau, alhali ƙasan ya zama kunu, ga nauyin azara da ƙasar soro a kansa. Yawanci cikin dare yake zaunawa, wani lokacin ma bayan ruwa ya janye mutane sun koma. Saboda haka a kowane gari ku ƙirga gidajen da ke ƙasa da jan layi waɗanda ginin ƙasa ne tun daga tushe, ku ware waɗanda aka yi wa harsashi da dutse ko layin bulo uku zuwa huɗu, ko aka ɗaga daɓensu. Ku duba inda indararo ke zubar da ruwa, da ko akwai kududdufi a bayan ɗaki. Gidan bulo mai rufin kwano da ruwa ya shiga har ƙugu an yi asarar kaya. Soron ƙasa da ruwa ya kwanta a gindinsa ana iya asarar rai.

Sai hanya. Ku taka ta da ƙafa daga tsakiyar gari har tudun da ake gudu, ku nemi wurin da ya fi kwari, don hanya ba ta fi wurinta mafi ƙasa tsayi ba. Sau da yawa kwalbati ɗaya ce ke yankewa tun ruwa bai shiga gari ba, gari ya zama tsibiri. In haka ne, kwale-kwale nawa ke garin, na wa ne, mutum nawa yake ɗauka ba tare da an yi masa lodin da ya wuce kima ba, kuma wa zai iya tuƙa shi da dare? Sarkin ruwa da masunta su za ku tambaya, su ne kuma suka san inda igiyar ruwa ke da ƙarfi. Garin masunta da ke kan gaɓa, kowa ya iya iyo, kowane gida da jirgi, yana iya zuwa ƙarshen wannan jeri duk da shi ya fi kowa kusa da kogi. Garin manoman gero da ruwa bai saba zuwa musu ba yana iya zuwa farko.

Sannan a bi gida-gida a rubuta waɗanda ba za su iya kai kansu tudu ba: tsofaffi, makafi, guragu, marasa lafiya, masu juna biyu, masu jego, da gidan da ƙananan yara suka fi manya yawa. A rubuta gidan da maigida ba ya nan, don akwai matar da ba za ta bar gida ba sai da izinin mijinta ko da ruwa ya shigo zaure, kuma wannan magana ce da ya kamata liman ya warware a huɗuba tun da rani. Kada ku manta da waɗanda ba sa cikin lissafin bulama: rugar Fulani da ke gefen fadama, almajiran tsangaya, da 'yan ƙwadagon da ke zuwa aikin shinkafa suna kwana a bukkokin gona. Su ne ba a yi wa shela, su ne kuma ba a lura da ɓatansu da wuri.

Jinga kuwa, wadda na ce zan dawo kanta, kada ku rubuta "akwai jinga" ku ɗauka an rage wa gari haɗari. Duk wanda ya ga yadda matasan Haɗeja ke kwana a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa a shekarar da ruwa ya yi yawa ya san cewa tsaronta aiki ne na kullum. Ku hau ta ku bi ta daga farko har ƙarshe. Ina shanu da babura suka cinye ta ta yi ƙasa? Ina gafiya da gara suka huda? Yaushe rabon a ƙara mata ƙasa, kuma wa ke da alhakin hakan? Garin da ke bayan doguwar jingar da ba a kula da ita ya fi wanda ba shi da jinga shiga haɗarin rasa rai, domin na biyun ruwa a hankali yake shigo masa yana gani, na farkon kuwa a tare yake afko masa. Wani abin da ba a cika son faɗa a taro ba: jingar gari kaza ruwan da ta tare wa maƙwabci take turawa. Tunda ku shida ne a ƙungiya ɗaya, kun fi kowa damar faɗa wa juna wannan gaskiyar.

Jeri na biyu ya fi wuyar gani da ido, kuma shi masu takardu ke tsallakewa. Ɗauki misalin gida biyu da kowanne ya rasa ɗaki biyu da kadada ɗaya ta shinkafa. Na farko yana da gonar gero a tudu, da injin ban ruwa, da ɗa a Kano mai aiko da ɗan abin da ya samu. Ruwa na janyewa zai shuka alkama ko kayan lambu, kafin bazara ya mayar da rabin asararsa. Na biyu duk abin da ya mallaka a fadama yake, takin da ya zuba ma bashi ne da za a biya da kaka. A takarda asararsu ɗaya. A zahiri ɗaya ya yi tuntuɓe ne, ɗaya ya faɗi.

Tambayar da na fi yarda da ita a nan gajeriya ce: bayan ruwan 2022, me kuka sayar? Wanda ya sayar da kaji da akuya ya ji jiki amma zai mayar. Wanda ya sayar da shanun huɗa, ko injin ban ruwa, ko ya jinginar da gona, ko ya cire yara daga makaranta ya tura su birni, ya riga ya cinye abin da zai tare ruwa na gaba da shi. Ku ƙirga irin waɗannan gidaje a kowane gari. Ku haɗa da tambayar wata nawa hatsin rumbu ya kai su a shekarar, gida nawa ke da gona a tudu da fadama duka biyu, da ko adashi da gayya suna aiki har yanzu ko kowa ya koma ta kansa. Mutane ba sa son tona asirinsu a bainar jama'a, don haka wannan tambaya a zaure ake yin ta, ba a dandali ba.

Irin da ake shukawa ma yana cikin lissafi. Masara ba ta jure kwanciyar ruwa, 'yan kwanaki sun ishe ta. Shinkafa ta fi haƙuri, amma in ruwa ya shanye kanta gaba ɗaya yawancin iri ba sa wuce mako guda. A 2017 an fitar da irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 a Najeriya, waɗanda ke iya jure nutsewa har kusan mako biyu tun suna ganye. Suna taimakawa inda ruwa ke zuwa ya wuce. Ba su da abin yi inda yake kwanciya wata guda, ko in ya zo shinkafa ta riga ta fitar da kai. Shi ya sa adadin kwanakin da kuka rubuta tun farko yake da muhimmanci: shi zai nuna garin da sabon iri zai yi wa amfani da wanda sai dai a ƙarfafa masa noman rani.

Rijiya da masai su ma na wannan jeri ne. Inda bakin rijiya ke ƙasa da jan layi kuma masai na kusa, to a sa ran amai da gudawa bayan ruwa, ga zazzaɓin cizon sauro da ke biyo baya. Garin da ke da tuƙa-tuƙa ko da ɗaya ce a kan tudu ya yi wa wanda ba shi da ita nisa.

Saura yadda za ku yanke hukunci ba tare da an ɓata ba. Ku tara wakilan garuruwan shida, a zana taswirar yankin a ƙasa da sanda, kowa yana gani yana gyarawa. A karanta abin da aka samo a kowane gari. Sannan a ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, a ba kowace tawaga ƙwayar wake ashirin ta raba wa garuruwa gwargwadon yadda take ganin matsalar ta yi musu yawa, bisa sharaɗi ɗaya: ba mai sa wa garinsa. Bulaman da ke rantsuwa garinsa ne a gaba, in aka hana shi zaɓen kansa, ya san sarai wane ne na gaba da gaske. A yi wa mata nasu zaman daban, wata malama ko ungozoma ta jagoranta, domin su suka san rijiyar da ta lalace da gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma ba za su faɗa a gaban maza ba. In sakamakonsu ya saɓa da na maza, kada a share, a tsaya a bincika dalili. Kada kuma ku tara lambobin duka ku raba don fitar da maki guda, domin a irin wannan lissafin ne gari mai gidajen bulo amma marar hanyar fita yake fitowa tsaka-tsaki. Duk garin da hanyarsa ke yankewa kuma ba shi da jirgi, a sa shi saman jeri na farko ko me sauran lambobinsa suka nuna.

Abu ɗaya da ke sauke gari daga saman jerin da kuɗi kaɗan shi ne labari da wuri. A Jamhuriyar Nijar, a ƙauyukan bakin kogin Sirba da ke yankin Tillaberi, an kafa sandunan auna ruwa masu launi, kore da rawaya da ruwan lemo da ja, kowane launi da abin da za a yi in ruwa ya kai shi. Ba abin da zai hana ku yin irinsa da turken ƙarfe da fenti, ku ɗora jan a ƙasa da layin 2022 yadda za a samu lokacin kwashe tsofaffi da hatsi. Ku kuma ƙulla zumunci da masunta ko direbobi a Wudil da Ringim, ku riƙe lambobinsu. Ruwan da suka gani yau shi ne naku nan da 'yan kwanaki. Mai babbar waya a cikinku ya riƙa duba Flood Hub na kamfanin Google, wanda ke hasashen cikar koguna har kwana bakwai gaba. A rubuce kuma a san wa zai kira wa, wa zai yi shela a lasifikar masallaci, wa zai je ruga.

Batun tashin gari kuwa, ban yarda a yi shi da baki ɗaya wa garuruwa shida ba. Mutane ba don rashin hankali suke zaune a bakin kogi ba. Can kifi yake, can shinkafa take, can ake noman rani. In aka ba su fili a tudun da ba ruwan sha, ba makaranta, ga nisa da gona, shekara biyu ba za ta cika ba sun koma. Inda kachala ta sa ruwa ke kwanciya a cikin gari watanni kowace shekara, nan kam tashi ya zama dole, kuma a nemi fili da takardarsa a hannun hukuma don kada gobe wani ya ce gonarsa ce. Sauran kuwa abin da ya fi dacewa da su shi ne ƙafa ɗaya a tudu: fili sananne da aka amince da shi tun da rani, mai tuƙa-tuƙa da masai da rumfa, inda za a kai rumbuna da dabbobi tun farkon Agusta, mutane su bi in sanda ta nuna ja. A 2012 ambaliya ta raba mutum sama da miliyan 2 da gidajensu a Najeriya, a 2022 ta kashe sama da 600. Ba gwamnatin da za ta iya tayar da duk garuruwan bakin kogi, don haka wanda ya zo da buƙata ƙarama, bayyananniya, mai hujja, shi ake fara saurara.

Ku yi wannan aiki tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da hanyoyi ke biyuwa kuma mutane ba su shiga gona ba. Ku rubuta jerin biyu a shafi ɗaya, kowane gari da dalilinsa a layi biyu ko uku, bulamai shida su sa hannu, a haɗa da hotunan jan layin da na wuraren da jinga ta lalace. Kwafi ɗaya ga hakimi, ɗaya ga ƙaramar hukuma, ɗaya ga hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha a Dutse. Abin da ya shafi kachala da yashe kogi da sakin ruwa kuma a kai wa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke Kano, don ita ke kula da Tiga da Challawa. In kaka ta yi, cikin Nuwamba, ku sake zagayawa da fenti ku ja layin shekarar, ku sake tambayar me aka sayar, ku gyara jerin in ya canja.